Tudun da Malam Jalo Ya Bari

"Juya mini ƙeya, Sajan. Ina ganin wutsiyar idonka."

"Bango nake kallo, Malam Jalo. Har na haddace tsagar da ke jikinsa."

"To ƙara haddacewa. Kaɗo ba a ba shi amanar nono, balle ta yaƙi."

Sajan Mijinyawa ya gyara zama a kujerar roba, hancinsa ya kusa taɓa bango. A bayansa, kan gado, maƙwabcinsa Malam Jalo na jingine da filo uku, kwamfuta a kan cinyarsa, yana numfashi da ƙyar yana tura tankokin yaƙi. Haka dokar wasan take: mutum biyu, kwamfuta ɗaya, in ɗaya na motsa rundunarsa ɗayan ya kau da kai. In ka gama sai ka danna, allo ya ɓoye sojojinka, abokin gaba ya karɓa ba ya ganin komai sai inda idon mutanensa ya kai.

Kwamfutar ta Hauwa'u ce, 'yar Sajan. Da ofis ya ba ta sabuwa sai ta bar masa tsohuwar da wasan a ciki, wai ko ya rage damun mutanen unguwar Gwallaga da labarin makamai. Don kuwa ya dame su. Shekara ashirin da biyu ya yi cikin kaki, har Laberiya ya je, kuma tun da ya yi ritaya ya zama malamin makaman zamani ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Ka ce masa ina kwana, ya kawo maka makami mai linzami. Ka tambaye shi iyali, ya faɗa maka yadda jirgi maras matuƙi ke hango zafin jikin mutum da zafin inji daga sama, ko da sun ɓuya cikin ciyawa. Mai shayi kan sa baki ya kira sunan wani da ba ya wurin, don kawai ya samu hanyar tashi.

Malam Jalo kaɗai ke zama ya saurara. Tsohon dillalin shanu ne a kara, wanda ya girma a bayan garke wajen dajin Ningi, bai san ko baƙi ɗaya na boko ba. Wata la'asar, a zauren Sajan, ya leƙa allon ya ce, "Ba ni in taɓa." Sajan ya ba shi, cikin tausayi. Shekara biyu ke nan, kuma ko sau ɗaya Sajan bai ci shi ba.

Abin haushin ma shi ne yadda yake cin nasa. Sajan zai zo da tsari irin na barikin soja, reshen dama da reshen hagu, igwa a baya. Shi kuwa Jalo da an buɗe taswira tambayarsa biyu ce: "Ina ruwa? Ina inuwa?" Tankokinsa duk da sunayensu irin na shanu, akwai Wule, akwai Saye, akwai Ɓaleye mai taurin kai. Jirgi maras matuƙi kuwa balbela yake kiransa, tunda a saman dabbobi yake yawo. Zai yi ta jan ƙafa yana kewaye-kewaye har Sajan ya ƙosa ya afka, sai kawai ka ji Sajan na salati.

Amma wannan karon abin ya juya. Wasan na wani tudu ne a tsakiyar taswira, wanda ya riƙe shi ya ci. Sun fara shi tun kafin ƙafafun Jalo su kumbura, kafin a kwantar da shi asibiti a sallamo shi da jakar magani, likita na kauce wa idon iyalinsa. Tun daga nan Sajan ke saɓo kwamfutar zuwa ɗakin kowace la'asar. Kuma a kwanaki biyar ɗin nan ya karɓe gada, ya karɓe ƙauye, ya zo gindin tudu. Mutumin da ya yi shekara biyu yana neman nasara, ga ta tana zuwa, sai ta hana shi cin tuwo. Ya san Fulani da kara. Tsoronsa kada a ce tsohon nan ya ga tafiya ta matso, ya yanke shawarar ba shi wasan kyauta kamar yadda ake ba yaro alewa.

"Malam Jalo," ya ce da bango, "zan roƙe ka abu ɗaya."

"In goro ne babu."

"Kada ka yi mini kara. Wallahi gara ka ci ni sau ɗari da ka bar mini sau ɗaya."

Jalo ya yi 'yar dariya, tari ya tare ta. "Sajan ke nan. Saniya in ta tsufa ai kwanciya take so. Laifi ne?"

Wannan ba amsa ba ce, kuma Sajan ya san ba zai samu wadda ta fi ta ba. Shekara talatin suna katanga ɗaya, bai taɓa jin mutumin nan ya ce e ko a'a kai tsaye ba. Ko farashin akuya ka tambaye shi sai ya fara ba ka labarin uwarta.

Can sai ya ji danne-dannen sun tsaya. Yatsun Jalo sun ƙi. Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, wanda bai fi raɗa ba: "Ke Babarbariya! Zo ki yi aikin lada."

Matarsa Hajja Yagana ta shigo tana goge hannu da gefen zane. 'Yar Borno ce, kuma shekara arba'in na aure ba su sa ta ajiye wasan Barebari da Fulani ba ko na yini guda.

"Ga uwargijiyarka ta zo, bawana. Me kuma?"

"Danna nan. A'a, nan. Kai, hannun Barebari sai kamun kifi."

"Hannun da ya yi shekara arba'in yana ciyar da kai? Sajan, ka ji butulci."

"Ni bango nake kallo, Hajja."

Suka daɗe suna ƙus-ƙus. Sajan na jin Jalo na cewa, "Wannan kashe ta. Wannan bar ta a kunne," Hajja na cewa, "Yo wannan kuma ina za ta?" sai ya ce mata shiii, su kwashe da dariya ƙasa-ƙasa kamar yaran da suka saci ƙuli. Ba su gama ba sai da ladanin masallacin layi ya fara gyaran lasifika don magariba.

"Karɓi kayanka," in ji Jalo. "Gobe ka zo mini da labari."

Sajan ya kasa haƙuri. Yana dawowa daga masallaci ya buɗe a zaurensa, ya tura jirginsa sama. Tudun nan fayau, ko tsuntsu babu. Can nesa, bakin kogi, na'urar hango zafi ta nuna masa jajayen ɗigo sun taru wuri ɗaya, rundunar Jalo ta ja da baya gaba ɗaya. An share masa hanya, har da shimfiɗa. Ya rufe kwamfutar da ƙarfi, ransa a ɓace, ya ƙudura gobe sai ya faɗa wa tsohon nan maganar da bai taɓa faɗa masa ba.

Goben ba ta ba shi dama ba. Bayan sallar asuba, Juma'a, ya ji salati ta kan katanga. Hajja ta ce Malam Jalo ya yi sallarsa a zaune, ya nemi kunu, ya sha cokali biyu, ya ce gishiri ya yi yawa alhali kunun ko gishiri babu, ya yi kalmar shahada ya kwanta, bai sake tashi ba. Kafin hantsi layin ya cika, keke ba ta iya wucewa. Mutanen kara sun zo, Fulanin daji sun zo da sandunansu a kafaɗa, wasu Sajan bai taɓa ganinsu ba. Da shi aka ɗauki makara, da hannunsa ya jera itace a kabari.

Kwana uku ya yi a kan tabarmar makoki yana amsa gaisuwa, yana cewa, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne," kuma da gaske yake faɗa. Amma a ƙasan baƙin cikin akwai wani abu da yake jin kunyarsa: fushi yake da mamaci. A ce zaman shekara talatin, ƙarshensa a sallame shi da tausayi? Ashe duk lokacin nan kallon yaro ake masa? Ya yi istigfari, fushin ya tafi, ya sake dawowa.

Kashegarin sadakar uku, da la'asar, Hajja ta aiko a kira shi. Ya tsaya a soron gidan, ita tana bayan labule cikin takaba. Suka gaisa, ya ƙara yi mata ta'aziyya.

"Sajan, ka hau tudun?"

"Hajja, wannan ai ba lokacinsa ba ne."

"Lokacinsa ne. Ya bar mini wasiyya biyu. Ta farko kan 'yan shanunsa da ke hannun ƙaninsa, na isar. Ta biyu kai ne. Ya ce kada a bar wasan nan a rataye, kuma a nan soron za a ƙarasa, ina ji."

"Ki gaya mini gaskiya don Allah. Bar mini ya yi?"

"Ni dai inda aka nuna na danna. Je ka ɗauko."

Ya ɗauko, ya zauna a kan dakalin soro inda Jalo ke zama yana sauraron rediyo. Ya sake tura jirgi, jajayen ɗigon nan suna nan bakin kogi, ba abin da ya motsa. Ya yi ajiyar zuciya. Wasiyya ce, ba yadda zai yi. To in kyauta ce, bari ya karɓa a wuce wurin. Ko leƙen bayan tudun bai yi ba, abin da ko kurtun da ya kwana biyu a bariki zai yi. Ya tattara tankokinsa goma sha huɗu ya tura su sama a jere, kamar masu zuwa ɗaurin aure.

Ta farko ta kai ƙoli. Ta biyu ta kai.

Sai kwamfutar ta ɗauki ƙara.

Daga kurmin da ke bayan tudun wuta ta tashi ta ko'ina. Ta gaba ta kama da wuta, ta baya ta kama, na tsakiya suka rasa gaba suka rasa baya. Sajan ya miƙe tsaye da kwamfutar a hannu yana ihu, "Ku ja baya! Ku ja baya, 'yan banza!" kamar suna jinsa. Ina! Jalo ya bar wa mutanensa umarnin su buɗe wuta da zarar an hau, kuma sun bi umarnin maigidansu. Tankokinsa duk suna kwance a inuwa, injinsu a kashe, sun huce sarai, shi ya sa na'urar ba ta gan su ba. Jajayen ɗigon bakin kogi kuwa motocin ɗaukar abinci da mai ne, aka bar su a kunne suna ta zafi.

Daga bayan labule muryar Hajja ta fito, tana rawa, ba ka iya cewa kuka ne ko dariya.

"Ƙarar ke nan?"

"Ita ce, Hajja."

"To ya ce in na ji ta in gaya maka: inda duk ka ga maruƙa a ɗaure, iyayen ba su yi nisa ba. Ya ce kuma a gaishe da Laberiya."

Sajan ya koma ya zauna daɓas. Dariya ta taso masa tun daga ciki, irin wadda rabonsa da ita tun yana saurayi. Ya buga cinya, hularsa ta faɗi. "Ya ci ni! Hajja, mutumin nan yana kabari ya ci ni! Kwana biyar yana ja na da igiya kamar ɗan maraƙi!" Mai gyaran babur na ƙofar gida ya leƙo a tsorace, ya ga tsohon soja na dariya hawaye na bin gemunsa, ya koma bakin aikinsa.

"Ranar nan har cewa ya yi in taya shi addu'a kada ka leƙa bayan tudu," in ji Hajja, tana jan hanci. "Na ce wannan addu'ar ba da bakina ba. Ya ce ba komai, ya san mutuminsa, in ransa ya ɓaci ba ya duba baya."

"Allah ya jiƙan Malam Jalo," Sajan ya ce, wannan karon babu komai a ƙasan maganar. "Allah ya sa ya huta."

"Amin, Sajan. Amin."

Ya ji takunta ta koma cikin gida. Da wasan ya ƙare sai allon ya yaye duhun da ke rufe taswira, ya nuna filin gaba ɗaya. Bai taɓa tsayawa ya kalli wannan ba, kullum da an ci shi rufewa yake cikin fushi. Yau ya kalla. Ga su can bayan tudu, an jera su a kewaye ƙarƙashin itatuwa, manya a waje, ƙanana a tsakiya, ganye na motsi a kansu. Ya rage ƙarar har ƙasa, ya ɗora kwamfutar a gefensa kan dakali, ya jingina da bango. Wata 'yar fitila ta fara ƙiftawa, alamar caji ya kusa ƙarewa. Bai tashi neman waya ba. Ya zauna tare da su a inuwar soron har allon ya mutu da kansa.