Tafin Umma a Wuyan Murhu

A shagonmu na wanki da guga muna sayen gawayi buhu-buhu, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga dutsen guga. Murhu ne ke cinyewa. Mu kuma a gadon bayansa muke jera duwatsun, kafin ka ninke riga ɗaya sun yi zafi.

Murhu ragon wuta ne. Ga wanda bai taɓa ganin irinsu ba, kai da ƙaho na rago ne, daga wuya zuwa jela kuwa jikin damo, ɓawo a kan ɓawo, da wasu 'yan fukafukai a naɗe a kafaɗa kamar tsohuwar laima. Ciki biyu gare shi. A na farko yake tara gawayin ya riƙa dawo da shi baki yana tuƙa, ido a lumshe, a na biyun wutar take. Ƙahonninsa rami ne a ciki, ta nan hayaƙi ke fita. Ba ya shan ruwa. Ba ya kuma feso wuta ta baki yadda masu ƙarin gishiri ke faɗa, sai dai in atishawa ta kama shi, ita kam ta taɓa ci mana labule da rabin gemun maƙwabcinmu mai gyaran rediyo, wanda har yau daga bakin ƙofa yake miƙo wankinsa.

Umma ce ta raine shi tun yana ƙwai. A cikin buhun wankin wani direba ta tsince shi, direban kuma bai sake dawowa ba. Baba ya ce a jefar da tsiya, ita kuwa ta ce to, ta je ta binne shi a cikin toka. Haka Umma take, ba ta musu da Baba, ba ta kuma yin abin da ya ce. Ranar da ƙwan ya fashe, ita ta sa hannu ta tallabo ɗan ta ƙarƙashin wuya.

Ashe fatarsu a wannan lokacin da taushi take, kuma abin da ya fara taɓa su a wuya, wurin yakan ɗauki siffarsa da ɗuminsa ya riƙe. A dawa bakin uwar ne, da shi take gane nata. A gidanmu sai ya zama tafin Umma. Murhu ya girma har ya cika rabin ɗakin baya, jikinsa ya kai ya narkar da bokitin roba, amma wurin nan bai ƙaru ba, bai ƙara zafi ba. Ga shatin yatsu biyar, har da ƙaramin da ya karkace tun tana yarinya, ga ɗumin hannun mutum mai lafiya.

Da Umma ta rasu sai Baba ya ƙirƙiro wani sabon aiki. Kullum kafin ya buɗe shago sai ya shiga ɗakin baya, wai zai duba wa Murhu kaska. Kaska, a jikin da ƙuda ma ba ya iya sauka. Nakan hango shi ta tsakanin kayan da aka rataye, a durƙushe, hannunsa a wuyan dabbar, yana magana ƙasa-ƙasa a kan wanda ya kawo wanki da wanda ya aurar da 'ya. In ya fito sai ya ce, “Babu ko ɗaya yau.” Ni ma sai in ce madalla.

Ni ban taɓa sa hannuna a wurin ba tun da ta tafi. Kewarta nake yi, amma tsoro nake ji, don na san in na taɓa ba zan iya cirewa ba.

Sai Murhu ya fara goga jikinsa a bango. Ɓawonsa ya yi toka-toka, idanunsa suka yi fari. Na kira likitar dabbobi, wata doguwa mai safar hannu har gwiwa. Ta leƙa ƙahonnin, ta ɗaga fiffike ɗaya da sanda, ta ce lafiyarsa ƙalau, saɓa ce ta zo, sau ɗaya suke yin ta a rayuwa. Tsohuwar fata za ta zube gaba ɗaya, fukafukan za su buɗe, daga nan kuma ba rufin da zai riƙe shi, sai tsaunuka inda 'yan'uwansa suke. Ta ba mu shawara mu fara neman dutsen guga na lantarki.

Baba ya tambaye ta wuyan fa. Ta ce wuyan ma fata ce.

Ya murza maɓallin rigar da ke hannunsa, sannan ya tambaya ko akwai abin da ke jinkirta saɓar. Likita ta dube shi, ta dube ni. Ta ce danshi yana hanawa, akwai masu yi, amma wutar cikinsa ce ke mutuwa a hankali. “Wurin da kake tambaya shi ne na ƙarshen hucewa, Baba,” in ji ta. “Zai kwashe zafin duk jikinsa ya kai can har ya ƙare.”

Washegari na tarar an ɗaura igiya a ɗakin baya, an shanya zannuwan gado suna ɗiga. Baba ya ce babu wuri a waje. Na leƙa waje, igiyoyi na ta lilo babu ko hankici. Na ce masa Baba, ai rana ta fito. Ya ce rana tana cin launin kaya, kuma yaushe na fara koya masa wanki.

Na ƙyale shi, don ni ma ban so tafin ya tafi ba. Muka ci gaba da aiki kamar ba mu ga komai ba. Duwatsun guga suka daina yin zafi sosai, kwalar riga sai an bi ta an sake bi. Hayaƙin ƙahon ya koma siriri. Murhu ya daina tuƙa, ya kwantar da kai a kan ƙafafunsa yana kallon 'yar tagar da ke sama. Tsohuwar fatar ta tattare a jikinsa ta ƙi fita, wani lokaci fukafukan su motsa a ƙarƙashinta su sake kwanciya.

Wata safiya ina ninke kaya na ji Baba ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba. Na same shi a tsaye, tafinsa a shimfiɗe a gadon bayan Murhu, daidai inda muke ɗora duwatsu. Santsi ne ya kwashe shi a jiƙaƙƙen siminti ya dafa wurin, bai kuma ƙone ba. Ya daɗe yana kallon hannun nasa.

Shi ya sauke zannuwan da kansa, ya tsinke igiyar, ya buɗe ƙofar baya da ke kallon filin shanya. Ya jawo buhun gawayi ya zazzage a gaban Murhu. Sannan ya ce, “Auta, zo ki gaishe ta.”

Na durƙusa na sa hannu. Hannunta ne, wanda yake taɓa mini goshi in ina zazzaɓi. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da ta rasu, har da majina, Murhu kuwa yana ta ƙus-ƙus da gawayi a saman kaina, ba ruwansa. Baba bai ce in tashi ba, sai da zafi ya fara dawowa jikin dabbar ya kama kafaɗata ya ja ni baya.

Kwanaki kaɗan bayan haka, da hantsi, Murhu ya fita filin da ƙafarsa. Ya goga bayansa a jikin turken igiya, fatar ta tsage daga ƙeya zuwa jela, ya zare kansa daga ciki. Sabon ɓawon ja ne wur, iska na rawa a kansa, wuyan sumul babu shatin komai. Fukafukan da muke yi wa dariya suka buɗe har suka rufe filin da inuwa. Ya juyo ya dube mu, ko kuma buhun gawayin da ke bayanmu ya duba, ban sani ba. Ya tashi, iskar fiffikensa ta kwashe wankin mutane ta watsa a kan rufin maƙwabta.

Ina ta ɗaga kai har ya ƙanƙance, amma Baba ko sama bai kalla ba. Yana durƙushe a kan fatar yana juya ta, har ya samo wurin. Ya yanke shi da almakashin shago, ya riƙe a tafinsa. Na ga fuskarsa lokacin da ya gane wurin ya huce.

Ya cusa shi cikin rigarsa ta ƙirji, ya ɗauko tsani, muka shiga kwaso kayan mutane daga rufi. Sai bayan mun gama, ina jera su a kan tebur, ya fito da shi ya miƙo mini da hannu biyu.

“Taɓa ki ji,” in ji shi. “Da saura.”

Na taɓa. Da ɗumi kam, amma ɗumin Baba ne. Na ce masa e, da saura.