Hannun Matar da Ke Cikin Ruwa

"To, jarumin naka ya busa iska mana ruwan ya daskare," na ce, ina gyara masa filo.

"Ba ya busa iska," in ji Baba Mai Zane, bakinsa a karkace. "Shekara talatin bai taɓa busawa ba, sai yau don na kwanta? Tela, ke dai tsaya ga allurarki."

Katanga ɗaya ce tsakanin shagon ɗinkina da ɗakinsa. Shi ke zana wa wata jarida labarin Kafaɗar Ƙarfe duk mako, wani jarumi mai jan mayafi da ke tashi sama, ya tare jirgin ƙasa da ƙirji. Yadda yake aikinsa kuwa, sai shi. Yakan jefa jarumin cikin bala'i a hoton ƙarshe ba tare da shi kansa ya san mafita ba, sai mako ya zagayo ya zauna ya nemo. Kuma ba ruwansa da fensir, da tawada yake farawa. Wai mai gogewa matsoraci ne.

A wannan karon ya zana gada ta karye, motoci maƙil a kanta, jarumin ya tallabe ta da hannu biyu. A ƙarƙashinta ga wata mata ruwa yana cin ta, hannunta kaɗai ake gani. Kwana biyu da gama zanen, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Jaridar ba ta jira kowa ba, ta cike gurbin da tallan sabulu. Shi ne dai bai haƙura ba. Kullum sai 'yarsa, Auta, ta ɗora masa takardar zanen a kan faranti, ya tasa ta gaba yana kallo, shayinsa na hucewa a gefe.

"Baba, takarda ce fa," in ji Auta. "Don Allah ka sha ko cokali biyu."

"Ni na jefa matar cikin ruwan nan," ya ce. "Tana tafiyarta, ba ta yi mini komai ba."

Ni da nake ganin babu rigar da ba ta gyaruwa, na yi ta kawo dabaru. Na ce wani jarumin ya zo taimako. Ko Kafaɗar Ƙarfe ya miƙa mata ƙafa ta kama. Ko ya ajiye gadar a hankali. Kowacce sai ya watsar: wannan ha'inci ne, waccan ƙafar ba za ta kai ba. Haushi ya ishe ni, tausayi kuma ya fi haushin. Likita ya riga ya gaya wa Auta a bakin ƙofa cewa sai dai addu'a.

Ranar Laraba da hantsi ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Tela, kina da abin goge rubutu?"

Kaf gidan babu ko ɗaya. Na ruga shago na ɗauko wanda nake goge awon mutane da shi. Ya karɓa da hagu, bai yarda mun haɗa ido ba. Na danne masa takardar, ya fara goge ruwan da ke kewaye da hannun matar. Tawadar ko gezau. Ya ƙara dannawa, gumi na tsattsafo masa a goshi, farantin na rawa a cinyarsa.

"Baba, ya isa haka," in ji Auta.

Bai bari ba, har takardar ta huje. Ruwan yana nan yadda yake, hannun ne ya tafi.

Ya daɗe yana kallon hujin. Na buɗe baki in ce wataƙila ta fita ne, na kasa.

Washegari da rana ya cika. Bayan an fita da shi, ni da Auta muka shiga yaye zanin gado. Duk cikin lanƙwasarsa burbushin robar gogewar ne, baƙi-baƙi. Auta ta tsaya tana tattara shi a tafin hannunta, ta rasa inda za ta zuba.