Gicciyen Tekla

Shekara guda bayan rasuwar Tekla ƙasar kabarinta ta lafa, lokaci ya yi da mijinta Bazil zai kafa mata gicciye na dindindin. A ƙauyensu ba a sayen wannan a kasuwa. Daga itacen wata bishiya mai tauri da ake kira ok ake sassaƙa shi, wanda ya faɗi da kansa a gefen dajin da mamaci ya saba bi. Na Tekla kuwa an san shi: wani gungume kusa da rafi, inda take zama ta huta in ta tsinko naman kaza.

Sai dai dajin ya zama gandun gwamnati. Masana sun gano cewa mataccen itace gidan ƙwari ne, ƙwari kuma abincin tsuntsaye, tsuntsaye kuwa su mutanen birni ke zuwa kallo ranar Lahadi da takalma masu tsada. Saboda haka duk abin da ya faɗi, a bar shi ya ruɓe cikin mutunci.

Mai gadin gandun, Radek, ɗan ƙanwar Bazil ne. Ya yi wa tsohon bayanin dokar har sau biyu, idonsa na kan takalminsa. Bazil ya tambaye shi ko ƙwarin ne suka yi masa wanka yana jariri, ba Tekla ba.

Radek ya rage murya.

"Kawu, ranar Alhamis ina can ƙarshen daji wajen ɓauna. Kunnena kuma, ka san shi, gadon gidanku ne, ba ya jin ƙarar zarto."

Ranar Alhamis Bazil ya ɗaura doki a keken ɗaukar kaya, ya ɗauki zarto. Ya cire hula a gaban gungumen, ya yi addu'a, ya ɗora zarton. Bai ji turjiyar da hannunsa ya sani ba. Ƙarfen ya nutse kamar a cikin burodi. Ya gwada tsakiya, ya gwada gindi. Ko'ina jan gari ne mai laima, fararen tsutsotsi suna murɗawa don haske ya dame su.

Ya mayar da ɓawon inda yake, ya danna da tafin hannu.

Da yamma Radek ya leƙo, ya ga keken wayam. Ya fara cewa akwai wani itacen a gaba, lafiyayye.

"Ba ta taɓa zama a kansa ba," in ji Bazil. "Gobe ka kai ni wajen maƙeri, a yi mata na ƙarfe."