Dinyar da Baba Ya Yanka

Ranar Juma'ar da kuɗin aikin ya ƙare, ranar Malam Lawal ya zaɓa ya yanka dinya.

Wata goma sha ɗaya Rumasa'u ta yi tana bin tafkunan birnin Greensboro na Amurka da dogon takalmin roba, tana zura tsinken auduga a bakin agwagin daji, ana aikawa a gwada ko akwai murar tsuntsaye. Da safen nan shugabanta Gregory ya gaya mata ba a sabunta musu kuɗin ba. Kular ƙarshe, akwatin sanyin da ake aika samfuran gwaji a ciki, za ta bar ofis ƙarfe uku, bayan ita babu mai biyan kuɗin gwajin ko da gashin tsuntsu ɗaya.

Ta dawo gida unguwar Sedgefield cin abincin rana, sai ta tarar da mahaifinta Malam Lawal a bayan gida, ya naɗe hannun riga, yana fige wata ƙatuwar dinya, irin masu baƙin wuyan nan da ke cika filin golf da kashi. Jini har gwiwar hannunsa.

"Baba, ina ka samo ta?"

"Bakin tafki," in ji shi. "Tana ta juyi wuri ɗaya, wuya a murɗe. Da na ƙara minti biyar da ta zama mushe. Allah Ya sa da wuƙa a aljihuna."

Ta ƙura wa dinyar ido. Juyi wuri ɗaya, wuya a murɗe: alamar murar da aka koya mata ta nema ke nan, kusan shekara guda ba ta gani ba, yau ga shi a cikin bahon wankinta. Malam kuwa mutum ne da ba ya iya kallon nama yana lalacewa. Ko a Kano, kaza ta yi tari sau biyu ya ɗauko wuƙa.

Ta sa safar hannu, ta ɗauko kwalba daga mota, ta ɗebi abin da za ta ɗiba. Wannan bai ɗauki minti biyu ba. Fom ɗin ne matsala, don yana tambayar yadda tsuntsun ya mutu da sunan wanda ya taɓa shi. A ƙasar nan kashe dinyar daji ba da izini ba laifi ne, kuma Malam da bizar ziyara ya zo, takardar neman ƙarin wata shida tana hannun hukuma.

Ta bayyana masa. Ya ajiye dinyar a hankali.

"Bara da ma'aikatan lafiyar dabbobi masu fararen kaya suka zo gonata, fom suka fara cikewa," ya ce. "Kafin la'asar babu kaza ko ɗaya a tsaye. Yanzu ke ce za ki rubuta ni?"

"In ban rubuta ba, ba za su yi gwajin da gaggawa ba, Baba. Sati uku zai yi a layi. In cutar ce, ba ka da sati uku."

"Ki ce a mace kika tsince ta."

Ta so ta yi hakan, har ga Allah ta so. Amma ta ga ƙaramin yanka a babban yatsansa, inda wuƙar ta zame, jininsa da na dinyar sun haɗu. Tsoro ya kama ta sosai. Agogon hannunta ya nuna biyu da kwata, kuma daga nan zuwa ofis ba ya gaza rabin awa.

Ta ɗora fom ɗin a kan bonet, ta rubuta: an yanka ta da rai. Ta rubuta Lawal Abubakar, shekara sittin da takwas, akwai rauni a hannu. Yana tsaye yana kallon biron. Daga nan ya juya ya shige gida ya ja ƙofa.

Ta ƙulle dinyar a leda biyu, ta sa a but ɗin mota. Tun da aka haife ta bai taɓa juya mata baya ba.

Ta tayar da mota ke nan aka ƙwanƙwasa gilashi. Malam ne, ya wanke hannu, ya sa hula. Ya miƙo mata wuƙarsa ta aljihu, wadda ya taho da ita tun daga Kano, a naɗe cikin ledar burodi.

"Ita ma ta taɓa jinin," ya ce. Ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna. "In za su tambaya, gara su tambaye ni. Ja mu je, kar a tafi da kular."