Farin Yadin Usta Garib

Karo na biyu ke nan Ummu Sabri tana saukowa da yadin daga saman soro. Ta shimfiɗa shi a bakin gadon maƙwabcinta, tsohon makaniki Usta Garib. Ya janye hannu daga bakin taga, inda yake wuni yana kallon jiragen ruwa, ya duba. Baƙin ɗigo ya bi farin yadin kamar an barbaɗa masoro.

"Kin ga aikin 'ya'yana," ya ce, dariyarsa ta ƙare da tari. "Ko likkafanina ba su ƙyale ba."

'Ya'yan nasa su ne injinan jiragen kamun kifi na garinsu, Izbatul Burj. Bai taɓa aure ba, a ɗakin inji ya tsufa, yana shaƙar hayaƙin dizal har ƙirji ya cika, likita ya ce sai haƙuri. Yadin kuwa daga Makka ya zo da shi, ya daɗe a akwati har ya yi fumfuna, shi ya sa ta wanke. To amma gidan a bakin ruwa yake. Duk abin da aka shanya, tokar hayaƙi ke fara sa shi kafin mai shi.

"Na ce in shanya a ɗaki, ka ce zai yi ƙarnin kifi. Kai dai ba a iya maka, Usta."

"Tun ina yaro ban taɓa sa fari ya kai la'asar ba, Ummu Sabri. Ina so in je gaban Ubangijina fes, ko sau ɗaya."

Tausayi ya kama ta, don numfashinsa ya nuna ba zai jira wanki na huɗu ba. Ta yi wanki na uku, ta yafa mayafi, ta nufi shagon shayi inda masu jirage ke zama, ta sami shugabansu.

"Rayyis Hamdi, ku kashe injinanku har shanyata ta bushe."

"Shanya? Haba Hajiya, kifi yana jiran wanki ne?"

"Likkafanin Usta ne."

Ya ajiye kofin shayin bai ƙarasa ba. Ta ga yana bin jiragen ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga hannu.

Shirun da ya sauka bayan azahar, ba ta taɓa jin irinsa ba. A saman soro ta tsaya kusa da yadin, tana jin ruwa yana lasar jikin jirage, abin da ta manta yana da sauti. Hayaƙi ya yaye. Gidajen ƙetaren kogi suka fito tar, har da kalar tagoginsu, sama ta koma shuɗiya irin ta lokacin da aka kawo ta amarya. Yadin yana ta kaɗawa a hankali, ita kuwa kamar mai barci a tsaye.

Da ta sauko da yadin ta tarar da shi a firgice, yana lalube.

"Inji ya mutu? Muna tsakiyar teku ne? Miƙo min fitila."

"Kana gida, Usta. 'Ya'yanka ne suka yi maka shiru. Duba."

Ya daɗe yana kallon farin. Sannan ya ɗauke hannu daga bakin taga ya shafa gefen yadin, ya lumshe ido yana murmushi. Ana kiran la'asar ya cika.

Rayyis Hamdi ne ya zo karɓar likkafanin. Da ya warware, sai ga shatin babban yatsa, baƙi ƙirin, a gefe ɗaya. Tokar bakin taga ce.

"A sake wankewa, Hajiya? Ma ƙara jira."

"Bar shi. Hannunsa ne."

Ta hau soro kwance igiyar shanya. Can ƙasa wani inji ya yi tari sau biyu, ya kama, siririn hayaƙi ya miƙe a kan ruwa.