Belun Inna

"Riƙe mani kanta," in ji Baba.

Na ce ba zan riƙe ba.

Yana tsugune gaban tabarmar Inna, ya buɗe zabira, ya fitar da 'yar lanƙwasasshiyar askar da yake cire belu da ita. Shekara talatin Baba, Gado wanzami, yana wannan aiki a Tibiri, ba wanda ya taɓa ce masa a'a, balle ɗiyarsa. Ya ɗauka kunnensa ne bai ji daidai ba.

"Mi kika ce, Zuliha?"

"Na ce ciwon ba a belu yake ba, Baba."

Kwana uku kafin nan Inna ta je Jiratawa taya Gwaggo Baraka, ƙanwar Baba, cirar gyaɗa. Ta sunkuya ke nan jiri ya kwashe ta, ta faɗi tana amai. Da ta farfaɗo muryarta ta dushe, shaƙuwa ta kama ta ba tsayawa, kuma ko yawu ta haɗiya sai ta ƙware. Suka ɗora ta a jaki, suka ratsa Maradi, suka wuce ta ƙofar gidan likita inda nake aiki, ba su tsaya ba sai Tibiri. Sai rana ta uku aka aiko mini.

Ni ce kaɗai mace a danginmu da aka kai lakwal, makarantar Nasara, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Shekara biyu ina taimaka wa lokotoro, wato likitan, wani mutumin Dahome da ya yi karatu a Dakar. Ya ga ina son sani, ya bar ni ina buɗe babban littafinsa in marasa lafiya sun watse. A ciki akwai zanen da na fi daɗewa a kansa: gindin ƙwaƙwalwa, can ciki saitin ƙeya, inda take haɗuwa da laka. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Jijiyoyin kai goma sha biyu ne a kowane gefe, goma daga cikinsu nan suke fitowa, kowace da 'yar ƙwayarta a binne kamar iri a rami. Ga mai motsa ido, ga mai jin taɓi a fuska, ga mai tsayar da mutum kada ƙasa ta juya masa. Can ƙasa kuma ga ta murya da haɗiya.

Da na iso na duba Inna yadda aka koya mini. Fatar idonta na hagu ta sauko. Na mintsine kuncinta na hagu, ba ta ji ba. Na mintsine hannunta na dama, shi ma ba ta ji ba. Fuska a wannan gefe, jiki a wancan. Wuri ɗaya ne a jikin mutum da zai lalace ya ba da haka.

Baba ya danne harshenta da ɗan kara, ya ce in leƙa. "Duba da idonki. Ga shi ya karkace, ya kwanta gefe. Shi ya tare mata hanya."

"Na gani. Rufin bakin ne ya mutu a gefe guda, gefen mai rai ya ja belun. In ka yanka, jinin zai gangara, ba ta iya haɗiye shi, ba ta iya tarinsa da ƙarfi. Huhu zai bi."

"To ina ciwon yake, lokotoro?"

Na taɓa ƙeyata.

"Kin taɓa ganinshi?"

"A takarda."

Gwaggo Baraka ta yi dariya daga bakin ƙofa. "A takarda! Yaya, ka ji fa. Mu muna ganin abu da ido, ita tana gani a takardar Nasara. Tashi, 'yar lakwal, ni in riƙe. Ke ma hannun nan ya cire naki, ga ki nan baki har kunne."

Na zauna, na ɗora kan Inna a cinyata, na rufe bakinta da tafina. Shaƙuwar tana bugun hannuna. Baba ya ce in tashi, sau uku. A na ukun ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi mini ba. Sai na faɗi maganar da har yau ba ta bar ni ba.

"In ka yanka ta mutu, zan faɗa wa lokotoro. Shi zai rubuta wa kumandan, Nasaran da ke mulki, gardi dogaransa su zo su ɗauke ka."

Baba ya yi aikin tilas na hanya wata huɗu yana saurayi, tabon bulalar gardi yana nan a bayansa, ni kuma na sani. Ya dube ni, ya goge askar da ba ta taɓa komai ba, ya mayar cikin zabira, ya fita.

Lokotoro yana rangadin allura a ƙauyukan arewa, ba a sa ran dawowarsa sai bayan sati biyu. Na aika masa takarda, na zauna da abin da na sani. Na jingina Inna a zaune. Ina dama kunu mai kauri, in karkatar da kanta, in ba ta rabin ludayi, in jira. Wani ya wuce, wani ya dawo ta hanci. Ruwa ne ba ya yiwuwa. Ruwa ya fi komai saurin bin hanyar numfashi, sau biyu na gwada, sau biyu ta shiɗe har leɓɓanta suka canza. Daga nan sai tsumma nake jiƙawa in goga mata a baki. Na fitar da randa daga ɗakin. Na hana kowa shiga da ƙwarya.

Matan unguwa suna zuwa dubiya, su tsaya a tsakar gida suna magana yadda zan ji. Ta hana a yi mata aiki, yanzu ta hana ta ruwa. Ina ƙirga numfashinta, ina kallon zanen nan a zuciyata, ina nuna wa kaina daidai wurin da ya mutu. Amma a wasu lokutan tambayar Baba takan dawo mini, in ga ashe ban taɓa ganin komai ba sai tawada.

Ni ce ɗiyar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take cewa, ko "yarinyar nan". Rana ta goma, da hantsi, ta kama zanena, ta tattaro ɗan abin da ya rage na muryarta.

"Zuliha. Ruwa."

Na jiƙa tsumma. Ta kau da kai.

Washegari bayan azahar zazzaɓi ya rufe ta, ƙirjinta yana ƙara kamar ana tafasa abu, kafin la'asar Inna ta cika.

Lokotoro ya dawo, na kwashe komai na faɗa masa. Ya buɗe littafin, ya sa yatsa a wurin da ni ma na sa. Ya ce ga dukkan alama na yi daidai, da an yanka da ta tafi a ranar, kuma ko shi ba shi da abin da zai yi mata. Na ce ga dukkan alama? Ya ce ba wanda ya buɗe ya gani.

Ina nan ina aiki. Wani lokaci da rana tsaka, ina ɗaure wa mutum ciwo, sai in ji shaƙuwa a bayana, in waiga, ba kowa. In marar lafiya ya ce in ba shi ruwa, nakan kira wani ya ba shi.

Shekara huɗu ke nan. Baba bai kore ni ba, bai zage ni ba. In na je Tibiri na durƙusa na gaishe shi, yakan amsa wa bango. Abincin da na dafa ba ya ci. Na tsaya a kan abin da na sani, na ƙara wa uwata kwana takwas. A kansu na rasa ubana yana raye, ita kuma sau ɗaya ta kira sunana a duniya, tana roƙona ruwa, na hana ta.