Farar Ƙasa a Ganyen Sirih

Mak Sepiah, wato Inna Sepiah, da Malama Rogayah a tabarma ɗaya suka yi rarrafe a ƙauyenmu, can gefen garin Muar. Rogayah ta tafi makarantar malamai, ta dawo da tabarau da keke. Sepiah kuwa tana nan tana kankare kwakwa.

Da a koyar da 'yan mata Rogayah ta tsaya, da da sauƙi. Sai ta tsiri rubuta labarai ana bugawa a mujalla, kuma ba ta sa sunan kowa, amma kowa ana gane shi. Mujalla na isowa, sai mu taru a barandar Mak Embun bayan la'asar, surukarta ta karanta mana. An sa mai tsagar itacen roba a labari. An sa ungozoma. Har akuyar liman ta shiga. Sepiah kuwa ba a sa ta ba.

"Ai rashin kunya ne, a kwashe sirrin mutane a kai birni," in ji ta. Amma ita ce ta gaba wajen zama.

Sai ta fara gayyatar Malama gida, tana ba ta tarihinta tun daga yaye. Ta jawo akwatin sirih, ganyen da muke taunawa da 'yar farar ƙasa, ta naɗa mata ɗaya da hannunta, yadda ake girmama baƙo. Sai dai hannun bai san an yi sulhu ba: ya labta farar ƙasa har ta ƙona harshe. Baƙo kuwa ba ya tofar da sirih ɗin masu gida. Malama ta tauna, idonta na ruwa.

"Ya yi, Rogayah?"

"Ya yi, Yaya. Har kunnena na ji shi."

Wata na gaba, ga labarin wata mai baƙin ciki da ke ƙona bakin ƙawarta da farar ƙasa tana murmushi. Sepiah ta ji zuciyarta ta yi fari. Kafin ta gyara zama, ungozoma ta kwashe da dariya.

"Wallahi Embun ce! Ko ni ta taɓa ƙona ni!"

Mak Embun ta rufe baki da gefen mayafi, wai ita kunya. "Kai, Malama ba ta da dama. Ni ɗin ma ba ta bari ba?"

Sepiah ta dube ta. Shekara da shekaru tana dafa wannan baƙin cikin, a ce wata ta zo ta sauke?

"Ke Embun, a ina kika iya hassada? Ke da ko gaba ba kya iya kwana da ita! Ni ce. Ni na ƙona ta, kuma da gangan!"



Sepiah ta gyara zaninta, ta dubi mai karatu. "Yarinya, koma daga farko. Kuma ki ɗaga murya, na baya ba su ji ba."